Kwalaben da Patron Ya Buɗe

Har yau ban manta da ranar da aka ce ƙazantata ce ta kashe ciyawar ado ba. A shekarun 1980 ne, ina aiki a ɗakin gwaji na wata gonar furanni a unguwar Treichville, inda muke yaɗa ciyawar da ake ƙawata harabar otal da ita. Ba iri muke shukawa ba. Kan tsiro muke yankowa, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gero, mu wanke shi da jabel, ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, mu sa a kwalba mai abinci irin kafaffen koko, mu rufe da takardar alminiyam. Guda ɗaya sai ya yi 'ya'ya rututu. Doka ɗaya ce: ba a buɗe kwalba sai a gaban wuta, don iska na shiga, fumfuna ta gama da ita.

Wata rana patron, shugabanmu, ya kawo matar wani babban mutum ta ga aiki. Ta ce, "Shin tana da ƙamshi?" Ina tsaye ya yi ta buɗe mata kwalabe tana shinshinawa. Na ce, "Patron, don Allah..." Ya galla mini harara.

Bayan kwana biyar fumfuna ta rufe kwalaben layin gaba, wahalar wata shida. Patron ya tara mu, ya nuna ni da yatsa. "Kai ne. Kullum daga unguwar Adjamé kake zuwa, da ƙurar kasuwa da gumin mota, ga goro a baki. Gobe kada in gan ka."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da nake alwala sau biyar, in ƙara da sabulu har gwiwar hannu! Na ɗauko kwalba mai lafiya da wadda ta lalace, na dire a gabansa.

Na ce, "Patron, dubi murfin. Mu nan sau biyu muke naɗe bakin takarda. Waɗanda suka lalace duk dannawa kawai aka yi. Wa ya rufe su?"

Patron ya ɗauki wadda ta lalace. Ya jujjuya kwalbar, ya ce in koma bakin aikina. Har ya bar gonar bai ba ni haƙuri ba.

Ku da kuka shigo sana'ar yanzu, ga abin da na koya. Fumfuna ba ruwanta da muƙamin mai buɗe kwalba, amma in aka tashi neman mai laifi, unguwar da ka fito ake fara tambaya.