Kujerar da Sannu-sannu Ya Ƙirga wa Kansa

Na Allah ne mu, kuma wurinsa ne makoma. Da safiyar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, Allah ya karɓi ranka, surukina, tsohon direban da kowa ya sani da Sannu-sannu. Da yammacin wannan rana, a asibitin da ka cika, a benen da ke saman ɗakinka, 'yarka, matar ɗana, ta haifi tagwaye.

Har yau ban san yadda zan ajiye fuskata ba. A kan matakalar asibiti wani ya yi mini barka, na ce masa sai haƙuri. Wata ta yi mini gaisuwar rashinka, sai na ji kaina ina gaya mata namiji da mace ne, kuma macen kunnuwanka ta kwaso. Murna ta cika mini ciki, ina kuma jin kunyarta. Idan na fara kuka sai in tuna ƙafafunsu, idan na fara dariya sai in tuna kai.

Da rubutun da ka taya ni koyo nake rubuta maka wannan. Lokacin da na shiga makarantar yamma da furfura a gemu, 'yan unguwa dariya suka yi. Kai ma ka yi, amma a motarka kake kai ni, kana sa ni karanta allunan hanya da ƙarfi. Idan na yi tuntuɓe a kalma sai ka taka birki, ka ce, "Ba inda za mu, Ɗalibi, sai ka kai ƙarshenta." Na baya suna ta hon, kai ko a jikinka.

Da likita ya ce biyu ne a ciki, kai ka fara cewa motar ɗana ta yi kaɗan. Ka ƙirga mu da yatsu: uba da uwa, manyan jikoki biyu, masu zuwa biyu, ni da nake zaune da su tun rasuwar matata, sai kai. Takwas. Na tambaye ka matarka fa, ka ce ita ko kasuwa da ƙafa take zuwa, mota juwa take sa mata.

Wurin dillali motoci biyu masu layin kujeru uku suka tsaya mana a rai. Akwai fara mai sheƙi, kujera bakwai, ita ɗana yake so. Akwai mai ruwan toka, ta ɗan sha hanya, kujera takwas. Ka leƙa inji, ka taɓa birki, ka duba tayoyi. Daga nan sai ka yi abin da dillali bai taɓa gani ba: ka miƙa wa ɗana makulli, ka naɗe ƙaton jikinka ka shige layin ƙarshe, ka ce a bi da kai hanyar da ta fi ramuka. Ka ce mai sitiyari ba ya sanin mota, na can baya shi ke saninta. Ka ce in shigo, na ƙi.

"Ni da girmana a bayan mota kamar buhu?"

"Girmanka na nan gaba yana jiranka, tsoho. Jikokinka kuwa a nan za su zauna."

Ka gwada duka biyun ranar Litinin. Ka fito kana murza gwiwa, ka ce bari ka kwana da maganar. Ba ka wayi gari da lafiyar faɗa mana ba.

An riƙe tagwaye a asibiti don sun zo da wuri, dillali kuma yana da wani mai saye. Ɗana ya same ni a tsakar gida, kansa a ƙasa, ya ce, "Baba, yanzu ai bakwai ma ta ishe mu." Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Na tambayi matarka ko ka bar wata magana. Ta ce abin da ka ce kawai a shafa maka magani a gwiwa. Wace mota ce ta ci gwiwar, ba wanda ya sani.

Sai na koma wurin dillali na yi abin da na ƙi yi a gabanka. A farar, gwiwoyina a haɓa suke, iskar sanyi ba ta kai baya, kuma layin tsakiya kujeru biyu ne a rabe, ba inda uwa za ta zauna tsakanin jariranta. A mai ruwan toka na miƙe ƙafa, amma wani abu yana ƙara a ƙarƙashina duk ramin da muka faɗa. Bakanike ya ce ƙaramin gyara ne. Da kana nan, da kunne kaɗai za ka gaya mini ko gaskiya ya faɗa. Na fito ban fi yadda na shiga sani ba. Na dai ce wa ɗana takwas ka ƙirga, ni kuma ba zan iya ragewa ba.

Jiya muka ɗauko tagwayen a mai ruwan toka. 'Yarka tana tsakiya, jariri dama, jaririya hagu. Ni ina can baya da manyan biyu, suna yi mini dariya wai kaka ya zama kaya. Kujerar gaba babu kowa. Har ɗana ya tayar da mota, sai matarka, wadda da ƙafa ta zo asibitin, ta buɗe ƙofa ta zauna. Ta ce, "Ja mu sannu-sannu."

Ban sani ba ko motar nan ka zaɓa, surukina. Idan na yi kuskure ka yafe mini, ɗalibinka ne.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya yalwata makwancinka kamar yadda ka nema wa na baya wurin miƙe ƙafa. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, da 'yarka da ke shayarwa da hawaye, da sauran 'ya'ya da dangi. Allah ya ba mu haƙuri, ya raya tagwayen da ka ƙirga ba ka gani ba. Amin.