Yatsun Inna da Motar Ranar Alhamis

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ina aji biyu a ƙaramar sakandare. Duk Alhamis bayan la'asar wata tsohuwar mota mai lasifika takan tsaya a bakin layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi. A ƙofarta akwai ragowar fostar wani ɗan takara, fuskar ta yage, saura hula. Mai motar garin magani yake sayarwa, amma da labari yake tara mutane. Wai wata mata ce ƙafarta ta ruɓe, likitoci suka ce sai an yanke, shi kuwa ya barbaɗa mata garinsa, sai wani abu ya fara motsi a cikin gyambon. Nan yake tsayawa, ya goge kumfar bakinsa da hannun riga. "Abin da ya fito, da kashi na biyu na maganin, sai Alhamis mai zuwa in Allah ya kai mu."

Kakata, da muke kira Inna, tana da ciwon suga, ɗan yatsan ƙafarta ya yi gyambo. Ni take aika in sayo garin, in kawo mata labarin. Babana ya ce a tafi asibiti, ta ce, "Bari dai malamin nan ya kawo kashi na biyu."

Alhamis uku yana farowa daga farko, wai saboda waɗanda ba su ji ba. Wata Litinin ina dawowa daga makaranta na gan shi a kasuwar Tarauni. Labarin nan dai, ya tsaya a wurin nan dai, ya goge baki, ya ce sai Litinin mai zuwa. Na zo gida na tsaya a ƙofar Inna na kasa faɗa mata, don ban saba magana a gaban manya ba. Ɗakin ya fara wari, ƙudaje suna bin tsumman ƙafarta.

Maƙwabciyarmu, wata nas 'yar Filato, ta shigo gaisuwa, ta kwance tsumman. "Inna, wannan ba na jira ba ne. Ke, ɗauko mata mayafi."

A asibiti yatsu biyu aka cire mata. Ranar da aka sallamo ta Alhamis ce, lasifikar tana tashi a bakin layi. Inna ta yafito ni, ta rage murya. "Je ki ji mini, 'yar nan, ko yau zai faɗi abin da ya fito."

"Inna, babu kashi na biyu," na ce, kaina a ƙasa.

"Ke dai je ki."

Na fita soro na zauna, na toshe kunnuwana har motar ta tafi.