Fasinjan Ƙarya a Motar Kaltungo

Ni dai a duniya ban taɓa samun aikin da ya dace da ni kamar aikin zama ba, shi ɗin ma sai da na ɓata shi. Wata Laraba ce cikin bazara, a shekarar da ni da makarantar boko muka rabu ba tare da ɗayanmu ya yi kewar ɗaya ba. Dada, mahaifiyata, ta miƙo mini bokitin wake in kai markaɗe. Ƙosai take soyawa da yamma a ƙofar gidanmu a Kagarawal, kuma tun rasuwar mahaifinmu kaskon nan ne ke ciyar da mu. Ta ce in dawo kafin la'asar. Na ce to, irin "to" ɗin da na saba.

A wancan zamanin ƙaramar bas ɗin da muke kira kiya-kiya ba ta barin tashar Bolari sai ta cika, fasinja kuma ba ya shiga motar da ya gani wayam. Sai 'yan kamasho suka samo dabara. Su tara mu 'yan zaman banza su zuba a mota, mu ɗaure fuska kamar masu sauri. Da fasinjan gaske ya zo, sai ɗayanmu ya zame kamar zai kewaya, daga nan ba a sake ganinsa. Ladanmu abin sayen rogo da ƙuli. Ina dawowa daga injin markaɗe, Ɗanjuma ɗan kamasho ya hango ni ya ce, "Kai mai bokiti, zo nan! Ka fi kowa kama da matafiyi." Ban taɓa jin an yabe ni haka ba. Na shige motar Kaltungo na ɗora ƙullu a cinya.

Ina zaune sai ga wani baƙo ɗan gajere, da akwatin hoto rataye a wuya. Tasha duk ta ɗauka, "Ɗan Sin! Ɗan Sin!" Shi kuwa ya ɗora yatsa a kan hancinsa yana cewa "Jafan," wato can ce ƙasarsu. Duwatsun Kaltungo ya zo gani. Ya zauna kusa da ni, ya nuna agogonsa, ya nuna motar, wato yaushe za a tashi. Ɗanjuma ya ce masa "Yanzu-yanzu," abin da yake faɗa tun hantsi. Bawan Allah ya gyara zama, ya riƙe ƙarfen kujerar gaba. Haka ya riƙe shi har azahar ta gota.

Abokan aikina suka zame ɗaya bayan ɗaya, saura ni. Da wata tsohuwa mai kaji ta iso, Ɗanjuma ya ƙifta mini ido, na ɗauki bokiti na sauka. Ashe baƙon nan yana kallo. A ganinsa an kori yaron da ya riga kowa zuwa, shi da ya zo daga baya an bar shi. Sai ya diro ya tsaya gabana ya sunkuyar da kai. Ni da aka koya wa gaida manya, na durƙusa. Ya ƙara sunkuyawa, na ƙara yin ƙasa, har na kusa kwanciya a kan bokiti. Daga nan ya biya mini kuɗin mota, ya ba ni gefen taga, shi ya ɗosana a ɗan katakon da ke bayan direba. Na dubi Ɗanjuma. Fasinjojin da suka sha rana suna zaune sun zuba masa ido, ya harare ni hararar da ke cewa in na buɗe baki na mutu. Gaskiya kuma, ko bai harare ni ba, ban san da wane hannu zan kwatanta wa mutumin nan cewa ni ƙarya ne ba. Ga shi ban taɓa wuce bakin gari a mota ba.

Har Kumo ina jin daɗi. Daga nan zafi ya fara aiki a kan ƙullu. Ya kumbura, ya ɗaga murfi, ya fara tsartuwa a duk ramin da muka faɗa. Kajin tsohuwa suka samu walima. Wandon baƙo ya yi fari har gwiwa, amma duk tsartuwar da ta same shi, shi ne mai sunkuyar da kai yana ba ni haƙuri. A Kaltungo ya ɗauke ni hoto da bokitina, ya sake biya mini kuɗin dawowa, ya nufi duwatsunsa.

Motar dawowar na same ta ta kusa cika, na ce alhamdulillahi. Sai na kalli na kusa da ni, na ga irin ɗaurin fuskata. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa tafiya kewayawa, ina ji ina gani, ni kaɗai ne fasinjan gaske. Ranar na san abin da muke yi wa mutane.

Bayan magariba na iso gida. Dada na zaune gaban murhun da ya mutu, mai ya huce a kasko, masu saye sun watse, ƙannena sun yi jugum. Ƙullu ya yi tsamin da ko akuya sai ta yi shawara. Na zayyana mata komai ina jiran bulala, bulala ba ta zo ba.

Kwanakin baya jikana ya nuna mini a waya wani garin shaƙatawa a ƙasar mutumin nan, inda bas ke tashi a kan lokacinta ko da tsohuwa ɗaya ce a ciki. Sai na gane abin da ya sa ya riƙe ƙarfen nan. Mu ma yanzu keke mai ƙafa uku ya cika gari, kana ɗaga hannu an tsaya, ba mai zama kusa da wani har ya ji tausayinsa. Ƙofar gidanmu kuma ta daɗe ba ƙamshin ƙosai.

Dada ta rasu ban ba ta amsar abin da ta ce a yammacin nan ba, tana juye man a kwalba, ko kallona ba ta yi: "Ka ji kunyar baƙon da ba za ka sake gani ba. Ni fa?"