Gitar Illa a Garhanga

Mun tashi daga Madawa da asuba a bayan wani kamyo, wato babbar motar kaya, za mu Garhanga, ni da abokina mai gyaran rediyo. Kayanmu gitar bas ce, mai kaurin murya, naɗe cikin bargo, da ampli, wato akwatin da ke fito da muryarta, sai batir na mota. Gitar ta Illa ce, wanda yake buga mana bas a ƙungiyarmu ta Maradi tun shekarar samun mulkin kai, har ciwon ƙirji ya ɗauke shi da kakar nan. Ana gobe zai rasu ya riƙe hannuna ya ce mahaifiyarsa ba ta taɓa jin kiɗansa ba. Bai ce in je ba, amma maganar ta hana ni sakat.

Illa bai sayi gitar nan ba, da hannunsa ya yi ta. Wuyanta icen maɗaci ne na wata tsohuwar ƙofa, abin da ke ɗaukar sautin kuma ya naɗe shi da siririyar wayar rediyo, tsirkiya mafi kauri wayar birkin babur ce. In tsirkiyoyin suka dushe da gumi, sai ya kwance su ya tafasa a tukunya, mu kuwa mu tsaya a kansa muna tambaya ko a kawo gishiri. Shi kuwa sai ya shanya su ya shafe wuyan da man kaɗe.

Hanyar Buza ba ta san tausayi ba. Duwatsu ne baƙaƙe da kwazazzabai, kamyon yana nishi muna taya shi. Kafin mu shiga gari wani jandarma ya ga dogon abu cikin bargo ya ce a kwance. Ya juya ta, ya leƙa ƙarshenta ko zai ga bakin bindiga, ya ja tsirkiya ɗaya bai ji komai ba, sai ya ce wannan ko kaza ba za ta firgita ba. Gaskiyarsa. Bas in babu ampli, mai buga ta ma da ƙyar yake jin ta.

A Buza muka sha fura da nonon Filani, muka sayi cuku a hannun wata Buzuwa. Albasa arha kamar a ba ka kyauta, hatsi kuwa ya yi tsadar da ban taɓa gani da kaka ba. Mutane suna amsa gaisuwa da fara'a, amma in ka tambayi labarin damina sai su ce sai godiya, su kau da kai.

Bayan mun bar Buza kamyon ya faɗa wani rami, akwatin amplin ya yi sama ya dawo. Abokina ya buɗe bayansa ya daɗe yana kallo. Ɗaya daga cikin fitilun gilashin da ke ciki ta tsage, kuma ya ce ba a samun irinta sai Tawa, in ma an dace. Na zagi ramin, na zagi direba a zuci, sannan na kau da kai don ji na yi hawaye na neman zubo mini a gaban mutane.

Da la'asar muka sauka Garhanga. Gidan su Illa gidan manoma ne, babu makaɗi a zuriyarsu, shi ya sa wasu dattawan da muka tarar a ƙofa suka karɓi gaisuwarmu ba su ko dubi bargon ba. Mahaifiyarsa tsohuwa ce siririya, idanunta sun fara hazo. Shi ne ɗanta na fari, don haka ko sau ɗaya ba ta kama sunansa ba. Ta kawo ruwa, muka yi addu'a, sannan ta ce, “Abin ga da kunka ɗauko, shi na yaron nan ka yi wa aiki?”

Na ce, “Shi ne, Inna.”

“To buga in jiya.”

Na buga. Ta karkato kunne, ta matso, ta ƙara matsowa. Wata akuya ta yi kuka a bayan danga ta shafe ɗan abin da ke fita. Tsohuwar ta ce, “Ban jiya ba, yaro. Ko kunnena na?” Wallahi ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na lokacin ba.

Sai na tuna in wuta ta ɗauke muna gwaji, Illa yakan jingina kan gitar da ƙofa, icen ya ɗauki sautin. Ƙofarsu ta kara ce. Na duba tsakar gida, na ga babban rumbun ƙasa irin na Adar, na tambaya ko da hatsi a ciki. Ta ce, “Babu komi, bana ba mu samu ba.” Abokina ya hau ya ɗaga murfin, na dafa kan gitar a jikin rumbun na ja tsirkiya mai kauri.

Rumbun ya amsa. Ba da ƙarfi ba, wani gurnani ne mai zurfi da ka fi ji a ƙirji. Ta tashi ta ɗora tafin hannunta a jikinsa, daga baya ta manna kuncinta. Na buga mata abin da Illa ya fi so, iyakar iyawata, don ni ƙaramar gita na sani. Da na tsaya ta ce, “Yana ƙarami, in an kwashe hatsi, ciki shika shiga shi yi ta gunji. Ni ko in hiddo shi da kara.” Sannan ta ce, “Sake.” Na yi ta sakewa har aka kira magariba. Ba ta yi kuka ba, mu ne muka yi.

Da safe na ce zan bar mata gitar. Ta ƙi, ta ce gara za ta cinye ta, in kai ta inda ake jin ta. Muka bi ta Keita zuwa Tawa, muka nemo fitilar, muka dawo Maradi da ƙura har cikin kunne.

Na koyo abu ɗaya a tafiyar nan. Mun yi shekaru muna ɗaukar kaya zuwa duk garin da aka kira mu, manya suna rawa muna murna, amma babu wanda ya taɓa cewa mu biya ta Garhanga, alhali mai gitar yana da rai. An gyara amplin, jiya na haɗa na buga, har maƙwabta suka zo ƙorafi. Ni kuma mahaifiyata tana nan Tasawa, ita ma ba ta taɓa ji ba. Na riga na gaya wa direba ya ajiye mini wuri ranar kasuwa.