Baba Birki da Farar Motar Gwaji

Baba Birki ake ce masa a kamfanin sayar da motocin, tun daga manaja har mai gadi. Ƙafarsa ta dama ce ta jawo masa sunan. Aikinsa shi ne zama a kujerar gefen direba duk lokacin da mai son saye zai gwada mota. To shi mutum ne da ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙi, ƙafar ba ta san an sauya mata kujera ba. Da an tunkari kwana da gudu sai ta danna ƙasa, tana neman birkin da babu shi a wannan ɓangaren. Bakinsa kuwa ba ya cewa uffan.

Da yaron mota ya fara, yana ɗaure kaya yana kwana a kan buhuna. Daga nan ya tuƙa motar gidan burodi, sai motar ma'aikatan wata masaƙa, har masaƙar ta rufe. A lokacin idonsa ya fara hazo idan rana ta yi sanyi. Tsohon mai kamfanin motocin ya ɗauke shi saboda abu ɗaya: yana iya zama kusa da mutumin da ke murƙushe giyar mota kamar mai niƙa tsakuwa, fuskarsa ba za ta motsa ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi a wannan kujera. Motocin gwaji tara suka wuce ta hannunsa. Motar gwaji sabuwa ce da kamfani ke yi wa rajista ya ajiye don masu saye su taɓa, idan ta kwana biyu a sayar da ita da ragi a kawo wata.

Da tsohon ya rasu, ɗansa ya karɓi kamfanin ya kawo sabon manaja. Aka ce daga yanzu samarin da ke sayarwa su za su riƙa fita da masu saye. Manajan bai yi masa wulaƙanci ba, har kujera ya ba shi.

"Baba, ba korarka muke yi ba. Farar motar nan ita ce ta ƙarshe a hannunka. Ranar da ta fita, kai ma ka je ka huta, ka yi wasa da jikoki."

Baba ya ce to. Ya fito ya tsaya a bakin famfo yana jiran ya ji wani abu a ransa, bai ji ba. Kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, haka zuciyar ta yi. Shekarunsa sittin da bakwai, babu mai sake ba shi sitiyari. A gida akwai matarsa da gwiwoyinta da ke shan magani kowane wata, akwai 'yarsa da ta dawo da yara biyu bayan rasuwar mijinta. Albashin nan shi ne tukunyar gidan. Ya gaya wa matar, sai ta ce ya miƙo mata man zafi.

Abin da ya ja masa kwana shi ne kwaɗayin manaja. Ya sa wa farar kuɗi dab da na sabuwa. Mutane su zo, su zagaya ta, su ji farashi, su yi gaba. Sati bakwai ana haka. Baba ya san duk wanda ya juya baya ya ƙara masa kwanaki. Bai roƙi a saya ba, bai roƙi a ƙi ba. Kullum da safe ya wanke ta, ya duba mai da ruwa, ya fesa mata turaren nan na gwangwani da manaja ya ba shi, ya koma kan bencinsa.

Ranar wata Talata da hantsi wata nas ta shigo, mace mai kimanin shekara arba'in da biyar, jaka a hammata. Tare take da ƙanenta, tela, wanda ya zo a matsayin masanin mota. Da zuwansa ya ɗan harbi taya da ƙafa, ya sa aka buɗe masa gaban motar, ya leƙa ya daɗe yana gyaɗa kai.

"Injin nan lafiya lau, Yaya."

"Kai ina ka san inji? Na ɗinki?"

"Inji ai inji ne. Kowanne mai yake sha."

Manaja ya fito da fara'arsa. "Malama, kin zo a sa'a. Kilomita dubu shida kacal ta yi. Shiga ki ji, ko ƙamshin sabunta bai fita ba."

Baba yana kan benci, gwangwanin turaren yana ƙarƙashinsa.

Suka shiga ofishin manaja mai bangon gilashi, ƙofar a buɗe, ana jin komai. Nas ɗin ta ce an mayar da ita wani asibiti can bayan gari, mota uku take hawa kafin ta isa, shekara tara tana tara kuɗin nan. Ta faɗi abin da take da shi. Manaja ya yi dariya mai ladabi, ya rubuta wani abu a takarda ya tura mata. Ragin da ya yi bai kai kuɗin taya ɗaya ba. Ta ce ya duba dai. Ya ce wallahi ya duba. Telan ya ce a can ƙasan titi sun ga irinta da araha, manaja ya ce to Allah ya ba da sa'a a can ƙasan titi. Ba ta da wata hujja ban da cewa kuɗinta bai kai ba, wannan kuwa ba hujja ba ce a wurin mai sayarwa. Ta ɗauki jakarta ta miƙe.

"Ko ba za ki saya ba, ki taɓa ta mana," in ji manaja. Yana ganin idan ta ji daɗin motar za ta je ta nemo ciko. "Baba Birki! Kawo makulli."

Ta tuƙa a hankali, hannu biyu a kan sitiyari, tana ba kowa hanya har mai keke. Baba ya nuna mata hanyar da ya saba: a miƙe zuwa shataletale, a bi ta bayan gidan mai inda kwalta ta ƙare a ji gargada, a dawo. Telan yana baya ya zuro kai tsakanin kujeru, bakinsa bai huta ba. Can ya sunkuyar da kai. Idonsa yana ƙasa, wajen ƙafar Baba.

"Yaya, tsaya. Baba, ɗan ɗaga ƙafarka."

Ta tsaya a gindin wata bishiya a gefen hanya.

"Wannan shimfiɗar ƙafar ba 'yar gidan nan ba ce. Dubi bakinta. Sauran ukun zare mai toka-toka aka bi su da shi, wannan baƙi ne, ɗinkin ma ya fi tazara. Mota ban sani ba, na yarda, amma zare kam kada wanda ya ja da ni."

Gaskiyarsa ne. Satin da aka sa motar a kasuwa manaja ya sa aka sauya wannan guda ɗaya, ya ce sauran ba su da laifi, a bar su. Telan ya fito ya zagayo ya ɗaga shimfiɗar. A ƙarƙashi kafet ɗin motar ya suɗe ya lotsa, daidai faɗin tafin takalmi.

"Ikon Allah! Wa ya fara haƙa rijiya a nan?"

"Ni ne," in ji Baba.

Ya gaya musu yadda ƙafarsa take yi. Telan ya yi dariya har da riƙe ciki. Nas ɗin ba ta yi ba. Ta kashe motar ta juyo tana kallon ramin.

"Baba, kai uba ne. Sau nawa mutum zai tsorata kafin ƙafarsa ta yi wannan? Mutum nawa suka tuƙa motar nan?"

Ya san amsar da za ta tsare masa kujerarsa. Abin da zai yi kawai shi ne ya ce bai riƙe ba, shi ɗan rakiya ne. Su koma, ta yi godiya ta tafi da kuɗinta da bai kai ba, farar ta ƙara sati biyu ko wata, watakila har a shiga sabon albashi. Ya ga wannan sarai, kamar yadda ake ganin allon hanya. Amma tun yana yaron mota, idan aka tambaye shi lafiyar mota faɗa yake yi. Bakin ya buɗe da kansa.

"Za su kai ɗari uku."

"Ɗari uku!"

"Kilomitar gwaji ba irin ta mai mota ba ce, 'yata. Mai mota lallaɓa abarsa yake yi. Mai gwaji so yake ya ji yadda take fizga, ya ji yadda birki ke kamawa. Minti goma a dawo, inji bai ma gama ɗumi ba a kashe. Wasu ba su iya ba, kunya ta hana su faɗa, a kan kulocinta suka koya."

Ya ci gaba, murya ɗaya, ba hawa ba sauka. Tayoyin gaba sun ci rabi. Fatar birki ta kusa. Kuloci zai kai ta shekara ɗaya, daga nan sai canji. Garantin shekara uku da ake faɗa tun ranar rajista ya fara tafiya, wata goma sha huɗu sun riga sun wuce.

"To ashe gara da kuɗina bai kai ba," ta ce.

"A'a. Mota ce ta kirki. Ba a taɓa buga ta ba, ba ta taɓa kwana da ƙishin mai ba, ni nake duba ta. Kuɗin ne ba nata ba. Ki ce ya cire taya biyu, da fatar birki, da kuloci, da wata goma sha huɗun nan. Abin da ya rage shi ne gaskiyarta. Kada ki nemi ƙasa da haka, ba zai yarda ba, kuma da gaskiyarsa."

Telan ya ciro waya yana latsawa, Baba yana gaya masa abin da kowanne ke ci a kasuwa. Da ya gama ya nuna wa yayarsa. Ta duba, ta sake dubawa. Kuɗinta ya kai, har da ɗan abin shan mai.

"Baba, ba za a kore ka a kan wannan ba?" in ji telan.

"A'a. Wannan an riga an gama shi."

Ba su gane ba, ba su kuma tambaya ba. Ta tayar da mota.

A ofis ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye jaka a kan cinya ta jero su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai karanta wa likita katin majiyyaci. Da ta zo kan garanti manaja ya ɗaga kai ya dubi waje ta gilashi. Baba yana goge ƙurar da motar ta kwaso. Manaja ya ce kuloci lafiyarsa ƙalau. Ta ce to ya rubuta mata a takarda cewa idan ya mutu cikin shekara biyu kamfani zai sa. Ya ce ba a haka. Telan ya tafi ya ɗauko shimfiɗar ƙafar ya ajiye masa a kan tebur, ya ce yallaɓai ya duba zaren nan, in yana son wanda zai dace shagonsa yana nan. Manaja ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Sati bakwai ɗan mai kamfani yana kiran sa a kan motar nan, sabuwar da za ta maye gurbinta tana bayan kamfanin rana tana dukanta.

Ya ce ba zai cire kuɗin taya da birki ba, amma za a sa mata sababbi yanzu a garejinsu. Ta ce ta yarda. Garanti ya cire duka. Kuloci suka ja, suka ja, aka raba biyu. Ya rubuta, ya tura mata, ta karanta ta gyaɗa kai.

"Na sallama," in ji manaja. "Allah ya sa alheri."

Kafin azahar an gama takardu, an sa taya. Nas ɗin ta zo wurin Baba da wani abu a dunƙule a hannu, ya ce ta bar shi, ta sha mai. Ta ce to su sauke shi wani wuri. Ya ce yana da sauran aiki. Mai gadi ya buɗe ƙofa, farar ta fita a hankali, ta daɗe tana jiran hanya kafin ta hau titi.

Manaja ya same shi yana naɗe tiyo.

"Baba, mota ka sayar min ko ni ka sayar?"

"Ta dai fita, yallaɓai."

"Ta fita kam." Ya tsaya yana sosa ƙeya. "Na watan nan cikakke za a ba ka. Ka bar rigar kamfani a wurin mai gadi."

Wani daga cikin samarin ya shigo da sabuwar, kujerunta da leda, yana ta fama ya daidaita ta a gurbin farar. Baba ya tsaya a gabansa yana yi masa hannu: zo, zo, karya dama, ya isa. Saurayin ya ce na gode Baba, ya wuce ciki yana waya.

Ya cire rigar kamfani ya ninke ya ba mai gadi, ya sa tasa. Mai gadin ya karɓa, ya ce a gaida gida. Baba ya ce za su ji.

Ya taka zuwa inda yake shiga bas. Bai taɓa tsayawa a wurin da rana tsaka ba. Babu layi, babu fuskar da ya sani, sai wata mai sayar da lemo a ƙarƙashin laima.

"Baiwar Allah, bas tana wucewa a wannan lokacin?"

"Tana wucewa, Baba, sai dai a jira."

Ya share dakalin da ke wurin da hannu ya zauna.