Fallen Zinariyar Daw Myaing

Shekara talatin da ɗaya ina sayar da fure a ƙofar haikalinmu a Mandalay, gefen tiren Daw Myaing, ban taɓa jin ta roƙi kowa ko da ruwan sha ba. Zinariya take sayarwa, falle-falle marasa nauyi, irin waɗanda ake mannawa a jikin mutum-mutumin Buddha. Mijinta U Thaung ke bugawa da guduma, ita ta yanka ta jera cikin takarda. Mace ba ta wuce shingen ciki, don haka duk zinariyar nan hannunta bai taɓa manna ko ɗaya ba. Mijin ke yi mata.

Bana ciwon ƙirji ya kwantar da shi, tari har da jini. Inda ke wa mutum ciwo, nan ake manna masa a jikin Buddha don neman sauƙi. Sai ta zo da fallen ƙarshe da ya buga kafin guduma ta gagare shi.

Na ce, "Yaya, ki ba mai gadi mana."

"Wannan gajeren? A gwiwa zai liƙa, ya rantse ƙirji ne. Ni dogo nake nema."

Da hantsi sai ga wani Bature cikin 'yan yawon buɗe ido, dogo har yana sunkuyar da kai a ƙofa. Ta miƙa masa da hannu biyu, ta dafa ƙirjinta, ta nuna ciki. Shi ma ya dafa nasa, ya rusuna.

Muka bi shi har shinge, muka durƙusa cikin mata. Ya hau dandamalin, ya daɗe yana kallon Buddha. Sai ya buɗe ɗan littafinsa, ya kwantar da fallen a hankali, ya rufe. Ashe tsaraba ya ɗauka ta ba shi.

Ta damƙe hannuna. "Kira shi!"

"Da wane yare, Yaya?"

Taku goma ne tsakaninmu da shi, shingen ko gwiwa bai wuce ba. Amma ba halin mu tsallake, sai muka miƙe mu tare shi a waje. Kafin mu zagaya ƙofar gabas motarsu ta tashi. Raina ya ɓaci, na rasa wanda zan zaga.

Da yamma na raka ta gida. U Thaung ya ɗago kai daga tabarma.

"An manna?"

Ta ce, "An manna."

"Shi ya sa. Tun hantsi nake jin numfashi na shiga."

Ni dai fita na yi, don na kasa kallon fuskarta.