Abincin da Baba Ya Ci a Keffi

Tun da Inna ta rasu na ɗauko Baba na dawo da shi gidana a Abuja, cin abinci ya gagare shi. Loma biyu, ya ce alhamdulillahi, ya ture faranti. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Likita ya ce bai ga wata cuta ba, amma in aka ci gaba a haka sai dai a ba shi gado a yi ta ƙarin ruwa. Ni kuwa zuciyata a kusa take. Na yi lallashi, na yi faɗa, har kuka na sha a kicin.

Maigidana ne ya ba da shawarar in kai shi Keffi, tunda can ya yi koyarwa yana saurayi, kuma ba ya gajiya da labarin doyar garin. Ranar Asabar na ja mota, daga ni sai shi.

Na fara da wani sabon shagon kofi kusa da jami'a, wanda ɗalibai ke ta yabo. Kujeru dogaye kamar na masu aski. Aka kawo kofi an zana ganye a kan kumfarsa, Baba ya leƙa ya tambaye ni ko sha ake yi ko kallo. Na sa aka haɗa mana lemon da suke kira koktel, bayan na tabbatar babu giya: kankana, abarba da citta, ga 'yar lema a bakin kofin. Wallahi ya yi daɗi. Ni na shanye duka biyun, shi 'yar lemar ya ɗauka yana juyawa.

Daga nan muka je wurin wata Inyamura mai farfesun kifi, ta tarbe shi da Hausarta mai daɗin ji, tana ta kiransa Papa. Ya yaba ƙamshi, ya kurɓi romo, shi ke nan. Wurin mai masa a bakin kasuwa ma haka. Ko'ina ina zaune a gabansa, idona a kan bakinsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce masa ni na rasa yadda zan yi da shi.

Da azahar ya ce in sauke shi a wani masallaci a unguwar Liman Abaji. Na zauna a mota ina cika ina batsewa. Da aka idar, wasu dattawa suka shimfiɗa tabarma a ƙofar wani gida, kwanuka suka fara fitowa daga nan da can: sakwara, tuwon dawa, miyar riɗi. Ba wanda ya san Baba a cikinsu, amma da zai wuce ɗaya ya ɗaga kai.

"Malam, bismillah."

Sai ga Baba ya tuɓe takalmi, ya wanke hannu, ya naɗe hannun riga. Ya yanko sakwara kamar da gasa. Ina hangen su suna gardama, daga baya ya ce mini a kan doyar garin Agwada ce. Yana ci yana nuna wani da yatsa, har da dariya.

Murna ta ɗebe ni, na fito da ruwa da maganin da likita ya rubuta masa. Yana hango ni hannunsa ya tsaya a cikin kwano, ya sunkuyar da kai. Na juya na koma mota.

A nan na zauna na yi tunani. Ni ce 'yar farinsa, ko sunana bai taɓa faɗa ba don kunya. A garinmu kuma ciyayya suke yi, kowane magidanci ya fito da kwanonsa ƙofar gida a ci tare. Tun tasowata ban taɓa ganin ya ci abinci a ɗaki ba. Ni kuma na ɗora shi a kan tebur shi kaɗai da cokali, na zauna ina gadinsa. Tsoro ne ya sa na ɗauko shi, don na rasa Inna, ba na son ya yi nisa da idona.

A hanyar komawa na juyo gare shi. Ban so tambayar ba, amma na yi.

"Baba, gida kake so in mai da kai?"

Ya kalli gonaki ta taga.

"Ke dai ki riƙa zuwa," ya ce.

Na ce to. Na rage gudu na koma gefen hanya, don idona ya cika, ba na ganin gabana sosai.